Ruwan da Na Zubar a Tsakar Gidanmu

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na isa Gashua ta'aziyyar yayana Bukar ba. Ba don rasuwar kaɗai ba, Allah ya jiƙansa, sai don aika-aikar da na yi da kofin ruwa guda a gaban mata sun fi ashirin.

Na daɗe a Abuja ina aiki. Yaya Bukar shi ya zauna gida yana riƙe da Iya, mahaifiyarmu, tun bayan rasuwar Baba. Ni kuwa ɗan waya ne. In kira ranar Juma'a, in aika saƙo da sallah, in kwanta ina jin na sauke nauyi. Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, sai maganar wa zai zauna da Iya ta taso, kuma mu biyu kaɗai ta haifa. Ma'aikatarmu na da reshe a Nguru, ba nisa da gida, aka ce in ina so za a mayar da ni can. Na karɓi takardar, na cike komai, sa hannu kawai ya rage. Wata uku tana cikin jakata.

Duk wanda ya tambaye ni sai in kawo masa dogon bayani. In ce na gaji da cunkoson Nyanya, na gaji da zaman da maƙwabcinka bai san sunanka ba, amma fa akwai makarantar yara, akwai wutar lantarki, akwai matata da ba ta taɓa wuce Kano ba. Duk gaskiya ne, amma ba su ne suka riƙe mini hannu ba. Ruwa nake tsoro. Kowa ya san maganganun da ake yi a kan ciwon ƙoda a yankinmu. Wasu su ce ruwa ne, wasu su ce wani abu ne daban. Ni ba likita ba ne, ban san gaskiyar ba, amma na karanta abubuwa a waya har cikina ya ɗuri ruwa (ni da na girma ina iyo a kogin garin, ina haɗiyar ruwansa ba bismilla).

Da aka bugo mini rasuwar, kafin in kama hanya an riga an kai shi. A Kano na tsaya na sayi katan huɗu na ruwan gora, na jera a but ɗin mota, na lulluɓe da darduma kamar mai fasa-ƙwauri. A Nguru na ɗan ratse na leƙa ofishin. Shugaban reshen, mutumin kirki, ya yi mini gaisuwa, har ya nuna mini gidan da za a ba ni, da bishiyar maina a ƙofarsa. Tambayar farko da ta fito daga bakina ita ce, "A ina kuke samun ruwan sha?" Ya dube ni ya ce, "Inda kowa ke samu, ranka ya daɗe."

Bayan la'asar na isa gida. Na zauna da maza a rumfar waje aka yi addu'a, sannan na shiga ciki. Tsakar gida cike da mata. A can gefe Yagana, matar marigayin, tana zaune a tabarmarta ta takaba, kanta a sunkuye. Kusa da ita Gwaggo Falmata ce, ƙanwar Baba, wadda ba a taɓa jin ta haɗiye magana ba. Iya kuwa ta rame, idonta a bushe, ta gama kukanta kafin in zo. Na durƙusa na gaishe ta. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da kofin silba, jikinsa har raɓa yake don sanyi, ta miƙo mini da hannunta.

A gidanmu ba a tambayar matafiyi hanya sai ya sha ruwa. Haka aka saba. Kuma ƙishi nake ji na gaske, ga zafin bazara. Amma ina kallon kofin sai na ga fuskar Yaya Bukar a kumbure, yadda na gan ta a hoton ƙarshe da aka turo mini. Na kai kofin baki, na datse leɓɓana, na motsa maƙogwaro sau uku (har da ajiyar zuciya na yi, wai na ji daɗinsa). Ana haka wasu mata suka yi sallama, kowa ya juya wajen ƙofa. Na zame hannu ta baya, na karkata kofin a hankali.

A lissafina yashi zai shanye. Tsakar gidan da na sani yashi ne, ko bokiti ka juye kafin ka waiga ya ɓace. Abin da na manta shi ne, bara ni da kaina na sa aka dabe shi da siminti. Har hotonsa na riƙa nuna wa abokan aiki. Magini kuma ya yi aikinsa da kyau, ya ba shi gangara zuwa magudana, kuma tabarmar Yagana na kan hanyar.

Ruwan ya fito ta bayana ya kama hanya, siriri, bai yi sauri ba. Ya bi ta gefen takalman Gwaggo, ya shige ƙarƙashin tabarmar takaba, ya jiƙa gefen zanen Yagana. Hira ta ɗauke. Ina gani idanu suna bin layin ruwan daga wajenta, a hankali, har suka dire a kaina da kofi a hannu. Na so ƙasa ta tsage in shige, to na riga na sa mata siminti.

"Lale, mutanen Abuja," in ji Gwaggo. "Ashe ruwan namu ne bai yi ba? Ai shi Bukar ya sha tun yana..." Sai ta haɗiye sauran, ganin inda maganar za ta kai.

Na ce, "Kuɓuce mini ya yi, Gwaggo." Ƙaryar ko ni ba ta gamsar ba.

Yagana ta janye zanenta ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Ba komai, zai bushe." Iya ta karɓi kofin ta ce, "Ku bar shi, ya sha tuƙi."

Da mutane suka ragu ta kira ni ɗakinta. Ta nuna mini bayan ƙofa. Sabon tulu ne, gefensa kuma gororin ruwa da aka juye.

"Tun da ka ce kana hanya na aika aka sayo," in ji ta. "Na juye a tulu ya yi sanyi. Na ba ka a kofi ne don kada a gan ka da gora a ce ka raina mutane. Zuwanka na ƙarshe na ga yadda kake zagayawa mota kana sha."

Ni da na ɗauka ba wanda ya lura. Sai na ce, "Iya, ai dawowa zan yi. Nguru za a mayar da ni, kullum kina ganina."

Ta girgiza kai. "A'a, ka zauna inda hankalinka yake kwance. Mu mun saba. Da ka zauna kusa da ni kana tsoron abin da zan miƙa maka, gara in riƙa jin muryarka a waya. Tashi ka yi alwala, an kusa kira."

Ba faɗa ta yi ba, ko murya ba ta ɗaga ba. Na roƙe ta ta biyo ni Abuja, ta ce ba za ta bar Yagana da 'ya'yan Bukar ba. Kwana biyar na yi, ina shan duk abin da aka ba ni a gaban kowa, har da ƙari, amma ba wanda ya ƙara kallona. Na koma Abuja, kuma har yau ina nan.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, wanda ya fi layin ruwan nan kunya, shi ne lokacin da ta ce in zauna inda nake, sai da na ji sanyi a raina. Na kuma tabbata ta gani a fuskata.

Darasin da na koya bai da yawa. In mahaifiyarka ta miƙo maka ruwa, ka sha, don ta riga ka sanin abin da kake tsoro. In kuwa ka zubar, ba fushi za ta yi ba. Za ta yafe maka ne, ta sallame ka.