Kwana Goma Sha Biyu Cikin Ɗamarar Janar

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na miƙe tsaye ba, na yi kwana goma sha biyu ina takawa a garin Gombe kamar saurayi, kafin a gaya min a gaban jama'a abin da ke ɗaure a ƙuguna.

Bari in fara da bayan nawa. Shekara talatin da 'yan kai na yi a kujerar gwamnati ina duba fayil, da na yi ritaya aka sallame ni da takardar yabo da ciwon baya. In na zauna a tabarma, tashi sai da shawara. In na yi ruku'u, ɗagowa sai na dafa gwiwa. (Maman Sadik, matata, tana cewa rabin ciwon raki ne. Ita dai ba bayanta ba ne.)

A unguwar Manawashi katanga ɗaya muke da Mista Okeke, mai shagon kayan gini. Ya zo Gombe tun kafin in yi aure, Hausa ta zauna a bakinsa, har Fulatanci yana taɓawa. Ɗansa Chidi da Sadik nawa tare suka taso, tare kuma suke aiki a Legas yanzu. Tun da matarsa ta rasu, gidan daga shi sai wani ƙaton kare mai suna Janar, wanda ita ta yi renonsa tun yana ɗan kwikwiyo. A zamaninsa, in Janar ya yi haushi ɗaya har kajina sai sun shige akurki. Amma ya tsufa, bakinsa ya yi furfura, ƙafafunsa na baya sun daina ɗaukarsa. Ni ba na hulɗa da kare, sai dai nakan hango ta kan katanga Mista Okeke ya zura wani tsohon zanen marigayiyar ta ƙarƙashin cikinsa, ya kama gefe biyu yana ɗagawa, su biyun suna nishi, don kawai ya kai shi bakin lambatu ya yi fitsari.

Ran nan Sadik ya kira ni. "Baba, na ba direba saƙo, yana tasha. Akwai na ciwon bayanka, akwai kuma na Baban Chidi."

Na je na karɓo. Sadik, yaron kirki, don kayan su shiga kwali ɗaya da atamfar mahaifiyarsa, ya cire kowane abu daga kwalinsa ya zubar da takardun. Abu biyu na tarar. Ɗaya ɗan bututun man shafawa ne, bai fi tsawon yatsana ba. Ɗayan kuwa ƙasaitaccen abu ne, baƙi da ratsin shuɗi, cikinsa da soso mai laushi, ga maɗaurai ko'ina, ga maɓallai masu cewa ƙas in an danna, ga mariƙi har biyu a baya. A gefe an ɗinka wata 'yar fure mai ganye huɗu.

Ban ɓata lokaci wajen tunani ba. Ɗana ne ya aiko, ni ne mai ciwon, saboda haka babban nawa ne.

Sa shi ya ci min kusan awa guda. Na zura hannuwana ta wasu kafofi biyu, na zagaya mai faɗin a ƙugu na ja har sai da na ji numfashina ya koma sama. Wani maɗauri ya rage yana reto, ban san inda zai je ba, na cusa shi a wando. Maman Sadik tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa.

"Alhaji, wannan abu kuwa na mutane ne?"

"Na su wa kike so ya zama? Ki duba, har mariƙi suka sa, don in mutum ya zauna matarsa ta kama ta ɗaga shi. Mutanen nan sun yi tunani."

Ta kama mariƙin, ta ja, na tashi cak daga tabarma. Ta koma kan shinkafarta.

Da yamma na kai wa Mista Okeke ɗan bututunsa. Ya sa tabarau, ya juya shi, ya karanta, ya sake juyawa.

"Malam, wannan ne Chidi ya aiko?"

"Shi ne."

Ya waiwaya ya dubi Janar, wanda ke kwance a baranda ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa na gaba. Sannan ya ce, "To, Allah ya yi musu albarka. Yara suna ƙoƙari."

Na kira Sadik na ce saƙo ya iso, kuma tun a ranar farko na ji sauƙi. Ya yi murna. "Ka riƙa sa shi safe da yamma, Baba." Na ce ai ni ko da rana ba na rabuwa da shi. Ya ce kada dai in yi masa yawa. Muka rabu kowa yana jin ya fahimci ɗan uwansa.

Kwanakin da suka biyo baya, har yanzu in na tuna su sai in ji kamar a mafarki na yi su. Ruwa yana sauka da hantsi ya ɗauke kafin la'asar, gari ya wanku, tsaunukan da ke kewaye da mu su yi kore shar kamar an shimfiɗa musu darduma. Sai in ɗaura ɗamarata a kan singileti, in rufe da jamfa, in fita. Kafaɗuna a baya, ƙirjina a gaba. Ina tafe ina ganin kaina ina ɗan shekara ashirin, a kan keken yayana, na nufi Dadin Kowa iska tana cika min riga. Ina jin ƙamshin masara gasasshiya a bakin titi sai in ga mahaifiyata tana fifita garwashi, alhali ta shekara ashirin a ƙasa. Wata rana na bi wani farin gajimare da ido da ƙafa, ban farga ba sai ga ni a unguwar Hammadu Kafi, can nesa da gida. Na tsara zan sayi gona a hanyar Dukku in yi noman waken suya da hannuna. Na tsara zan koma Makka in yi ɗawafi ba keken guragu. Har ƙwallo na buga wa wasu masu wasa a layi, ta tafi inda ban nufa ba, amma ta tafi.

In na dawo, nakan ji warin man zafi yana tasowa daga gidan maƙwabcina, in leƙa in gan shi durƙushe yana shafa wa Janar ɗan man nan a cinya, yana yi masa magana a hankali da yarensu. In ce a raina: kai, mutanen nan da son kare, har maganin da ɗansa ya aiko masa ya sadaukar.

Ranar ta goma sha biyu Asabar ce, ɗaurin auren 'yar Alhaji Bappa, abokina tun firamare. Bayan an shafa fatiha muka wuce gidansa a GRA, aka shimfiɗa mana darduma a ƙarƙashin rumfa, mu dattawa. Mista Okeke ma yana nan, an ba shi kujera a gefe don shi ma kwanan nan bayansa ya fara. An ci, an sha, sai hira ta koma inda hirar tsofaffi take komawa. Wannan gwiwa, wancan ƙugu, wani ya ce shi yanzu a zaune yake sallar nafila.

Ni kuwa sai na miƙe. Ban dafa ƙasa ba, ban dafa kowa ba. Ido duk ya dawo kaina.

"Kai!" in ji Alhaji Bappa. "Wa ya yi maka aiki?"

Da na ce addu'a ce na koma na zauna, da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma na riga na cika da iska. Na tuɓe babbar riga na ajiye, na naɗe jamfa har hammata, na juya musu baya. Na nuna soson, na nuna maɓallan, na danna ɗaya ya ce ƙas. Na ce Sadik ne ya aiko daga Legas, ba a samunsa a nan. Sannan na tsuguna na ce, "Bappa, kama mariƙin nan ka gani."

Ya kama, ya ja. Ina rabin tashi, rataye a hannunsa, sai ga ango da abokansa sun shigo gaida iyaye.

Ango kuwa likitan dabbobi ne. Abokansa ma, kamar yadda na gano daga baya, kusan duk tare suka yi karatu.

Ya durƙusa zai gaishe mu, sai idonsa ya faɗa kan ɗamarata, ya manta da gaisuwar. Na ga wani a bayansa ya cusa hula a baki. Wani ya juya ya fita da sauri kamar an kira shi. Angon dai yaro ne mai tarbiyya, ya matso daf da kunnena ya ce, "Baba, don Allah a ina ka samu wannan?"

Na faɗa da ƙarfi, don kowa ya ji, "Legas!"

"Baba, ai wannan na kare ne. Manyan karnuka in sun tsufa ko sun ji rauni, da shi ake tallafa musu su tashi. Nan da ka sa hannuwanka, ƙafafun baya ne suke shiga. Ka ga ma sawunsa nan." Ya nuna 'yar furena mai ganye huɗu.

Ya yi ƙasa da murya, Allah ya sani. Sai dai Alhaji Bappa kunne ɗaya gare shi mai aiki, kuma shi ne ke kusa da mu. Ya saki mariƙin, na zauna daɓas. "Na kare?" ya faɗa, yadda har mata a cikin gida sai da suka ji.

Ban taɓa sanin dattawa suna da irin wannan dariya a ajiye ba. Wani liman har da hawaye. Ina ta laluben maɓallan, yatsuna sun ƙi, jamfa ta maƙale a mariƙi. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Mista Okeke ya taso a hankali daga kujerarsa, ya tsaya a kaina yana kallon abin.

"Dokta," ya ce wa angon, "ba irinsa ka ce in sa Chidi ya nemo ba?"

"Shi ne, Baba. Na zaci ma bai samu ba, da ka ce min in zo ranar Litinin."

Daga baya na ji abin da za a yi ranar Litinin ɗin. Mista Okeke ya ga ba zai iya ci gaba da ɗaga Janar da zane ba, karen kuma ya fara yin gyambo saboda kwanciya, shi ne ya roƙi likitan ya zo ya yi masa allurar da ba a tashi. Bai gaya wa Chidi ba, kamar yadda bai gaya masa cewa man shafawa kawai ya gani ba, don kada yaron ya ji ya gaza. Wannan ya fi dariyar ƙona ni.

Shi da kansa ya ɓalle min maɓallan, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Malam, ka ɗaure shi a juye ma."

A motarsa muka koma gida. Na bi shi har baranda, abin da ban taɓa yi ba. Ya durƙusa ya sa wa Janar, kowane maɗauri ya sami gurbinsa, har wanda nake cusawa a wando. Ya kama mariƙin gaba, ya gwada kama na baya, sai ya dafe ƙugunsa ya cije leɓe. Ya dube ni. Na naɗe hannun riga, na kama.

Ba nauyi kamar yadda na zata. Janar ya tashi, ƙafafunsa suna rawa, ya tsaya yana mamaki. Ya ɗaga hanci ya shaƙi iskar da ke zuwa da hadari. Ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu, muna biye da shi kamar masu rakiyar babban baƙo, har bakin get. A nan ya hango wata akuya tana wucewa, ya tattara abin da ya rage masa ya yi haushi guda ɗaya, a dishe. Mista Okeke ya juya fuska yana goge tabarau. Ya ciro waya ya ce wa likitan kada ya zo.

Ni kuwa bayana ya dawo tun kafin magariba. Maman Sadik ta karɓo abin da ya rage na ɗan bututun, ta shafa min, ina jin ta tana danne dariya.

Bayan mako guda Alhaji Bappa ya zo gidana shi kaɗai. Ya sha ruwa, ya yi zancen damina, ya duba hagu da dama, sannan ya ce, "Tsakani da Allah, ya yi maka aiki?" Na ce ya yi. Ya ce, "In Sadik zai sake aike, ka tambaye shi ko akwai babba."

Abin da na koya dai ba shi da yawa. In kaya biyu suka zo a kwali ɗaya, kira ka tambaya wanne ne naka, kada ka bar wa girman kanka rabon. In kuma har ka sa ya yi maka daɗi, to ka gode wa Allah ka bar rigarka a sauke.