Babu Wanda Ya Ce Mini Dawo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na jagoranci ficewa daga teburin sulhu a birnin Lyon na Faransa ba, alhali ko kusa ba tafiya na yi niyya ba.

Da furfurata na koma karatun digirin digirgir, bayan na gaji da yawon aiki ƙasa-ƙasa. Kamar sauran ɗalibai, ina koyar da 'yan ajin farko, jami'a kuma ba ta biyanmu sai bayan watanni, in ta tuna da mu. Ni ina da ɗan abin da na tara. Amma Hadiza, wata 'yar Maraɗi mai nazarin sinadarai, wanda ya ba ta haya a unguwar Vénissieux ya riga ya fara yi mata zancen kwashe kaya. Buƙatar ƙungiyarmu ta ɗalibai masu koyarwa ɗaya ce: a riƙa biyanmu kowane wata.

Ranar zaɓen wakilan da za su zauna da jami'a, bakina ya ja mini. Na ce na yi ciniki da Larabci a Alƙahira, da Turanci a Legas, da yatsu a ƙasar Sin, kuma ba a taɓa cutata ba (ƙarya ce, an sha cutata). Aka tafa, aka haɗa ni da Hadiza da Julien, shugaban ƙungiya, wani matashi mai gemu da saurin hawa.

"Baba, ba darduma za mu sayo ba fa," in ji Hadiza.

Na ce ta zuba ido kawai.

Mataimakiyar shugaban jami'a ta saurare mu, ta juya takardu, can ta ce za su iya biya duk bayan wata biyu, daga wannan zangon. Na ga Hadiza ta sauke ajiyar zuciya. Ni kuwa na san ƙa'ida: ba a karɓar tayin farko. Daga Kano har Dakar, girgiza kai ake yi, a miƙe, a taka a hankali, kafin a bar bakin rumfa an ce, "Alhaji, dawo mana!"

Na ce, "Madam, mun gode." Na miƙe, na nufi ƙofa ina jan ƙafa kamar mai ciwon gwiwa. Shiru. Na tsaya gyaran hula. Shiru.

Abin da ban lissafa ba shi ne Julien. Ashe a wurin 'yan ƙungiya tashi daga tebur shelar yaƙi ce. Ya buga tebur, ya ce wannan raini ne ga ma'aikata, ya wuce ni fuu! Dole Hadiza ta biyo mu.

A waje ya rungume ni. "Jarumi! Sai me kuma?"

"Ku tsaya nan, yanzu za su kira mu."

Muka tsaya jikin injin kofi. Da ƙofa ta buɗe na ɗaure fuska irin ta wanda za a lallasa. Sai ga mutanen jami'a sun fito da rigunan sanyi a hannu, lokacin abincin rana ya yi (a Faransa ko gobara sai ta jira a ci abinci). Madam ta yi mana murmushi, ta ce zama na gaba sai bayan hutu.

Hadiza ta juyo, ta koma Hausa. "Baba, a kasuwa wa ke tashi ya tafi, mai saye ko mai kaya?"

"Mai saye."

"To mu me muka zo saye?"

Duk harsunan da nake taƙama da su, babu wanda ya kawo mini ɗauki.

Kafin hutu ya ƙare an fitar da Hadiza daga ɗakin hayarta. Matata ta je ta kwaso ta da akwatunanta, ta sauke ta a falonmu. Kullum da safe sai ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, sannan ta ce, "Baba, sun kira kuwa?"

Bayan hutu aka koma, aka karɓi tayin nan dai na wata biyu, ba ƙari ko kwana ɗaya. Ni an ba ni babban matsayi: riƙe ƙyallen zanga-zanga a waje, cikin sanyi.

Tun daga nan, ko tumatir zan taya a kasuwa, kafin in juya baya sai na tambayi kaina: tsakanin ni da mutumin nan, wa zai iya tafiya cin abinci ya manta da wani?