Surukina a Gefen Hoto

Yau da sassafe na ɗauki bokiti na nufi sabon famfon da aka buɗe mana a bakin layi. Na san babu ruwa, kada ku ɗauka ruɗewar tsufa ce ta kama ni. Na je ne don kada wani ya ce tsohuwa ta zauna a ɗaki tana ƙirƙirar labari. Na murɗa kan famfon, ya yi wani dogon tari irin na mai tsohuwar asma, ya tofo min tsatsa a zani, sannan kan nasa ya ɓalle ya biyo hannuna. Ina tsaye riƙe da shi kamar wadda aka ba kyautar girmamawa, sai Tela ya leƙo daga shagonsa.

"Malama, mayar musu da kayansu da sauri," in ji shi. "Yanzu a ce ke kika kashe aikin, a sa ki a labarai."

Na ce, "Rufa min asiri. Mutum ɗaya daga gidana ya riga ya shiga labarai, ya ishe mu."

Ga wanda bai san zancen ba, bari in faro daga falona, domin a can abin ya tashi.

Talabijin biyu gare ni. Akwai tsohuwa mai doro, wadda muka saya tun Auta tana rarrafe. Sai ƙarti biyu sun haɗu suke iya ɗaga ta, shi ya sa ɓarayin da suka taɓa shigo mana suka kwashe har butar alwala amma ita suka bar ta da mutuncinta. Akwai kuma sabuwa ta bango, siririya kamar allo, wadda surukina, mijin Auta, ya kawo mana bara. Unguwa tana kiransa Dogo, kuma za ku ga cewa tsawon nan bai yi masa rana ba. Ranar da ya kafa ta, ya ja da baya yana murza hannu ya ce, "Mama, wannan ba ta ɓoye komai. Har gashin gira za ki ƙirga."

Malam, maigidana, ya ce ba za a fitar masa da tsohuwar ba sai dai a haɗa da shi. Don haka aka raba musu wayar eriya, suka zauna kusa da juna, kowacce da magoya bayanta.

Na gaji da jin hukuncin da kowa ya haddace. Matasa suna cewa sabuwa ta fi, magana ta ƙare. Tsofaffi sa'o'ina suna cewa kayan da sun fi na yanzu, magana ta ƙare. Ni da na shafe rayuwata a gaban allo ina hana 'ya'yan mutane maimaita abin da ba su duba ba, sai na zauna na duba.

Mai doro tana da kirki ga fuskar mutum. Launinta da ɗumi, baƙinta baƙi ne na gaske, kuma daga ko'ina ka zauna, ko daga bakin ƙofar kicin, hoton ɗaya ne. In iska ta kaɗa eriya sai ta cika da yayyafi, amma a cikin yayyafin kana hango mutum yana motsi, kana jin abin da yake cewa. Ka ba ta mari ɗaya a gefe ta dawo hayyacinta. Sai dai kada masu kewar zamanin da su ruɗe ku: ƙananan rubutun da ke gudu a ƙasan labarai ban taɓa iya karanta su a kanta ba, shekara da shekaru ina zargin tabarau na.

Ta bango kuwa ba ta san kunya ba. A kanta na fara gane cewa baƙin gemun manyanmu na kanti ne, har inda rinin ya tsaya ake gani. A kanta na ga gumi yana bin wuyan mai karanta mana cewa komai lafiya. Amma ba ta da haƙuri ko kaɗan. Hadari ya taso, sai ta farfasa fuskar mutum gida-gida, ta daskarar da shi baki buɗe a tsakiyar alkawari, sannan ta yi baƙi ƙirin ta ce babu sigina. Ko dai ta nuna maka duka, ko ta hana ka duka. In ka zauna a gefe kuma, kowa ya koma fari fat kamar mai jinya.

Akwai wani bambanci guda da ban lura da shi ba sai ranar buɗe famfo.

Ranar, Mai Girma Uban Ayyuka, Allah ya ƙara wa jerin motocinsa tsawo, ya taka layinmu da ƙafarsa mai albarka. An share kwata, an shafa wa duwatsu farin fenti, an kori masu layin mai daga bakin titi don kada idonsa ya faɗa kan abin da zai ɓata masa rai. Har wuta aka kawo mana tun safe, abin da ya sa firjina ya firgita ya yi ta kuka. Mai Girma ya yanke ƙyalle, ya murɗa famfo, ruwa ya zubo shar. Ya wanke hannu, ya ce daga yau ƙishirwa ta zama tarihi a wannan unguwa. Muka tafa. Ni ma na tafa, Allah ya yafe min.

Da yamma wutar ba ta riga ta tuna hanyar komawa ba, sai maƙwabta suka cika falona don su ga kansu a labarai. Aka kunna duka biyun. A kan mai doro, ga Mai Girma, ga famfo, ga ruwa, ga katanga a baya, komai tsaf. A kan ta bango, duk waɗannan suna nan, amma hoton ya fi faɗi. A can ƙarshen dama, a saman katanga, ga wani dogon mutum a kan tsani, ya rungume jarka yana tuttula ruwa cikin bututu, yana cije leɓe.

Tela ne ya fara magana.

"Wannan rigar ni na ɗinka ta."

Malam ya dubi tasa ya dubi tawa ya ce, "Ni a tawa ban ga kowa ba."

Auta ta ce, "Baba, don Allah ka bari," ta fashe da kuka.

Ashe tsohuwar talabijin tana cinye gefen hoto. Haka aka ƙera su, hoton yana malala ya wuce gilashi ya shige bayan katako, abin da ke can gefe ba ya isowa idonka. Na yi shekaru ina kallon duniya an datse mata kunnuwa ban sani ba. Yanzu nakan zauna in yi ta tunanin ayyukan da aka buɗe mana a da, da yawan dogayen mutanen da suka tsaya a bayan katakon nan da jarkoki.

Dogo ƙaramin ma'aikaci ne a ofishin da ya yi aikin famfon. Da ya shigo gaishe ni washegari, ya durƙusa nesa, kansa a ƙasa.

Na ce, "Sannu da aikin ban ruwa."

"Mama, wallahi umarni aka ba ni. Injin bai iso ba, ranar buki kuma ta iso. Aka ce wa ya fi tsawo."

"Ba a ce wa ya fi hankali ba?"

"Mai kyamarar ne ya cuce ni, Mama. Tsoho ne, ya ce tun kafin a haife ni yake wannan aiki. Ya ja layi a ƙasa ya ce in dai ban ƙetare nan ba, talabijin za ta yanke ni."

Kuma gaskiyarsa, bawan Allah. Talabijin ɗin da ya koyi aiki da ita ta yanke shi. Babu dai wanda ya gaya masa cewa gari ya canza akwati.

Kafin azahar an dakatar da Dogo, aka ce ya bayyana gaban kwamitin ladabtarwa. Ku lura da laifin, don ni sai da na sa aka maimaita min. Ba a tuhume shi da yaudarar jama'a ba. An tuhume shi da tsayawa a inda jama'a za su gan shi. In ya tabbata, kora ce, kuma gidan da suke ciki da Auta da yara na ofis ne, a ranar za a karɓi mukulli.

A nan ne na rasa inda zan sa kaina. Ni ce mai cika muku kunne a wannan fili da nake rubuta muku cewa a nuna mana gaskiya ɓaro-ɓaro. Ga gaskiya ta fito ɓaro-ɓaro, kuma a cikin duk masu hannu a wannan wasa, daga wanda ya ci kuɗin inji har wanda ya wanke hannu, ba ta kamo kowa ba sai mijin 'yata. Sabuwar talabijin ta faɗaɗa hoto, amma iyakar faɗinta kan tsani. Ba ta kai ofis ba.

Yau bayan na mayar wa famfo kansa, na canza zani na raka Auta wurin zaman kwamitin. Aka ajiye mu a benci a baranda. Ƙofar a buɗe take saboda zafi, don haka duk abin da zan faɗa da kunnena na ji. An daɗe ba a fara ba, domin babu wuta, janareto babu mai, masinjan da aka aika kuma ya tarar da layin da aka kora ranar buki ya dawo da 'yan'uwansa. Sai bayan la'asar ya shigo da galan.

Shugaban kwamiti, Mai Girma Ƙarami, mutum ne mai son ƙa'ida. Wani ya miƙa masa waya ya ce ga hoton nan kowa yana da shi. Ya ɗaga hannu ya ce, "A'a. Waya kowane ɗan iska yana iya haɗa ƙarya a cikinta. Faifan da gidan talabijin ya aiko za a kalla, kuma a kan kayan ofis."

Aka duba bangon ɗakin taro. Ga ƙarfen rataya talabijin a kafe, ga waya tana lilo, ga wani fili mai kusurwa huɗu inda fenti ya fi sauran haske. Talabijin dai babu. Aka aika ɗakin baƙi, haka. Aka aika ofishin mataimaki, haka. Daga ƙarshe masinja da mai gadi suka shigo suna nishi, ɗauke da wata mai doro da suka tono daga sito, ƙura har ta yi mata hula. Aka goge ta, aka jona, aka ba ta mari ɗaya, ta kawo.

Ga Mai Girma. Ga famfo. Ga ruwa shar. Ga katanga.

"A mayar baya," in ji shugaba.

Aka mayar. Katanga dai, ita kaɗai, ko tsuntsu babu a kanta.

"Ina mutumin?"

"Wane mutum, ranka ya daɗe?" in ji magatakarda.

"Mutumin da ke kan tsani mana! Ni da idona na gan shi a gida, ɓaro-ɓaro, har maɓallin rigarsa!"

Magatakardan nan tsoho ne da ya kusa ajiye aiki, irin waɗanda ba su da sauran abin tsoro. Ya gyara alƙalaminsa ya ce a hankali, "To sai in rubuta cewa shugaba ya gani a gida. A kan wace talabijin zan ce, ranka ya daɗe? Don masu bincike za su so a kawo ta su duba ko lambar ofis ce ke bayanta."

Ban taɓa jin janareto yana magana shi kaɗai na tsawon lokaci haka ba. Shugaba ya dubi filin nan mai haske a bango. Mataimaki ya dubi takalminsa. Wani mamba ya tuna cewa shi ranar ma bai kalli labarai ba, nan take sauran suka tuna cewa su ma haka. Shugaba ya yi gyaran murya ya ce, da ya sake tunani, wataƙila inuwar bishiya ya gani.

Layinmu ko ciyawa babu, amma ban ɗaga murya daga baranda na gyara masa ba. Auta ta riƙe min hannu har sai da ya yi tsami.

Hukunci ya fito kafin magariba. Kwamiti ya binciki shaida da idon basira, bai ga ma'aikacin a ko'ina cikin hoton ba, saboda haka an wanke shi, ya koma bakin aiki, mukullin gida yana aljihunsa. Dogo ya fito yana share gumi, zai durƙusa ya yi min godiya, kamar ni na kwashe talabijin ɗin ofis.

Sai magatakarda ya biyo shi baranda ya ce akwai ɗan ƙarin bayani. Tunda shaida ta tabbatar ba ya wurin, kwamiti ya yi masa gargaɗi mai tsanani saboda ƙin halartar bukin Mai Girma ba tare da izini ba.

Na ce wa Dogo ya karɓa da hannu biyu, ya ce ba zai sake ba.