Hoton Baba a cikin kwano

Ko na so in manta da ranar nan, ba zan iya ba. Shekarar da aka koma naira ce, ina ƙaramin akawu, ina haya a Badarawa, Kaduna, kuma kaina ya kumbura don na koyi buga hoto da rana a wajen wani dattijo mai hoto a Kurmin Mashi, Malam Audu.

Aikin ba wuya. Ka shafe takarda da gam ɗin fata irin na kafintoci, ka jiƙa ta a ruwan alif (e, alif ɗin da muke tace ruwa da shi) don gam ɗin ya ƙanƙame, ta kwana biyu tana bushewa. Sannan ka shafa ƙaro da baƙin launi da magani, ka ɗora fim, ka shanya a rana, ka wanke a ruwa.

Sai Inna ta zo daga Katsina. Wata shida da rasuwar Babanmu, kuma ba ta da hotonsa ko ɗaya. Ni ke da fim ɗin fasfonsa. Jibi za ta koma, na ce wane alif, wane kwana biyu? Malam Audu dai son wahalar da mutane ne da shi. Na shafa gam, na tsallake alif, na yi sauran aikin na shanya a rana.

Don neman suna har matan gidan na kira su kalla. Na zuba ruwan ɗumi a kwano, na tsoma takardar. Hula ta fito, sai goshi, sai idanu. Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Malam!" Haka take kiran Baba.

Wallahi na ji kamar a naɗa ni sarki. Can sai na ga kunnen Baba yana zamewa. Gam ya narke. Na kai hannu in tare, na kwashe hancin da yatsa. Fuskar ta tafi gaba ɗaya, ruwa ya yi baƙi, matan suka sulale ba ko sallama. Kunya ta kashe ni a tsugune.

Na ce, "Inna, zan sake, da alif, kafin sati."

Ta ce, "Bar shi, Sani. Sau biyu ke nan yana tafiya a gaban idona. Ba zan iya na uku ba."

Na sake ɗin, ya yi kyau, na kai mata Katsina. Ko buɗe ambulan ɗin ba ta yi ba. Tun daga nan, in gwaninta ta motsa mini, ƙofa nake fara rufewa.