Ƙyaurena Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Kafin Mai Girma Uban Alƙaluma ya hau rediyo ya ce sata ta ragu a ƙasar nan, ni na riga shi gani, kuma babu tabarau a idona. Na ga ambaliya uku, fari biyu da gobarar kasuwa, duk na fito da ƙafata. Ban taɓa zama a aji ba, amma na san ɓarawo ba ya satar abin da ruwa ya riga shi ɗauka.

Ruwan bana ya cinye min ɗaki biyu. Abin da ya rage a tsaye ƙyaurena ne na ƙarfe, shi kaɗai a fili kamar mai jiran mota. Da 'yan kwamitin agaji suka zo, Allah ya ƙara musu basira, ba su rubuta sunan kowa ba. Fenti suka kawo, suka shafa lamba a kowane ƙyaure, suka ce ranar rabon kwanon rufi lamba za a kira, ba mutum ba. Tawa, in ji su, arba'in da bakwai.

Ranar Talata da tsakar rana na je ɗebo ruwa, na dawo babu ƙyaure. Ga hadari yana haɗuwa kullum, ga tsohuwata tana tari a ƙarƙashin leda.

Na nufi ofishin karɓar ƙara. Na tarar da jami'in ya baje jiƙaƙƙen littafinsa a rana, yana juya shafi da tsinke kamar mai gasa kifi.

"Ranka ya daɗe, an sace min ƙyaure."

"Na ina, Baba?"

"Na gidana."

"Gidan yana nan?"

"Ruwa ya tafi da shi."

"To ka ji. A doka, ƙyaure na gida ne. Tunda babu gida, me aka sata? Wata guda ke nan ba mu rubuta ƙara ko ɗaya ba. Har yabo aka aiko mana daga sama."

Na yi masa barka, na fito.

Ranar rabo kowa ya zo da ƙyaurensa a ka, layi har bakin gada. Can na hango nawa a kan Dogo mai gyaran keke, mutumin da na ciro daga ruwa da hannuna a ambaliyar bara.

"Dogo, wannan ba nawa ba ne?"

"Baba, ajiye maka na yi, kar ɓarayi su ɗauke."

Aka kira arba'in da bakwai, ya amsa da ƙarfi, ya kwashi kwano. Da na yi magana, magatakarda ko kallona bai yi ba, ya ce, "Baba, mu ƙyaure muka sani."

To, in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Na tuna ofishin ƙara shi ma ruwa ya shige shi, kuma kwamiti sun shafa masa lamba. Na koma na tarar jami'in yana gyangyaɗi a kan littafinsa. Ban tashe shi ba, ma'aikaci yana da haƙƙin hutu. Na ɗaga ƙyauren ofishin, na ɗora a ka, na bi layi. Da aka kira lambar da babu mai amsawa, na amsa. Kwano aka loda min ninki biyu, wai na hukuma ne. Ranar da ruwa ya sauko, tsohuwa tana ƙarƙashin rufi tana yi min kirari.

Na kafa ƙyauren a gidana. Ashe rubutun da ke jikinsa cewa yake a kawo ƙara nan. Mutane suka fara zuwa. Na raba faɗa biyu, na mayar wa mai akuya akuyarta, na hana wani surutu har kwana uku. Jiya jami'in da kansa ya zo, ya tsaya ya karanta rubutun, ya cire hula, ya yi sallama.

Wanda ya ce ƙarya nake, ya zo ya ƙwanƙwasa. Amma ya sani, a wannan kotu tawa musu da tsoho laifi ne, hukuncinsa ɗaukar bulo ɗari. Ban gama katanga ba.