Ranar da Na Yi wa Gona Mai Lamba Tara Faɗa

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Yako ba, ko da kuwa mutanen garin sun yi min alfarmar mantawa (ba su yi ba).

Ni malamin gona ne a Kiru, kuma haifaffen Yako, amma tun da na kama aiki sai ɗaurin aure ko gaisuwar rasuwa ke kai ni gida. A shekarar aka tura mu Kano koyon wata manhaja da aka zuba wa ilimin masana ƙasa. Tambayoyi take yi: yashi ce ko laka? Akwai gangare? Bishiyoyi fa? Ana barin kara bayan girbi? In ka amsa, sai ta yanke hukunci da launi: kore lafiya lau, ruwan ɗorawa a yi hattara, ja kuwa zaizaya ta kusa cinye gonar. Na dawo kaina a kumbure, har tafiyata ta sauya.

Abokin aikina Nasiru ne ya zagaya gonakin Yako ya tattaro bayanai, ya sa wa kowace lamba maimakon suna, don kada a kunyata kowa. Ni nawa jawabi. Manoma suka cika inuwar ƙofar mai unguwa, na buɗe kwamfuta, na yi gyaran murya.

Ta ɗaya kore, ta biyu ruwan ɗorawa, haka dai. Da muka zo ta tara, allo ya yi jawur. Ni kuma sai ilimi ya motsa.

Na ce, "Jama'a, ku ji ta'asa! An sare bishiyoyi, an kwashe kara, an yi huɗa tana bin gangare, ruwa na tafiya da ƙasa. Mai wannan gona bai san darajar gado ba. Wannan ba manomi ba ne, maci amana ne!"

Nasiru yana ta jan hannun rigata (na ɗauka jinjina ce, na ƙara murya).

Wani dattijo, Malam Haladu, ya ce, "Allah ya gafarta malam, a wane gefe gonar take?"

Na karanta da ƙarfi: "Gabas da rafi, kusa da tsohuwar rijiya." Ban rufe baki ba na gane wurin. Sai wani ya kasa riƙe dariya.

Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, ya ɗaga kai a hankali. "Ɗana, ai taka ce. Wadda marigayi mahaifinka ya bar maka."

Ni ne na sa aka sare ɗorawar da ke cikinta don tarakta ta samu hanya. Ni ne na ce a yi huɗar ta gangara don a gama da wuri. Duk ta waya, ina zaune a ofis. Na rasa inda zan sa idona, sai na hau danna kwamfuta kamar mai neman gyara.

Malam Haladu ne ya cece ni. Ya ce, "Ku daina dariya. Da na zo, na ɗauka abin nan zai yabi ta masu ido da kwalli ne, ya kushe tamu. To ga shi bai raga wa mai shi ba. Malam, duba min tawa."

Ranar sai da la'asar ta same mu ana layi. Kafin damina aka yi min gayya: muka jera duwatsu a bakin kwazazzabo, muka dasa ciyawar jema da itatuwan gawo, huɗa ta koma a gicciye. Makiyayan da ke kusa suka kwana da shanunsu a ciki na 'yan makonni. Gonaki da dama suka bi sahu. Bana da muka sake tambayar manhajar, tawa ta koma ruwan ɗorawa, na yi murna kamar an ba ni sarauta.

Har yau a Yako "Malam Lamba Tara" ake ce min, kuma ina amsawa. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni dai yanzu kafin in yi wa gona faɗa, sai na sunkuya na tambayi Nasiru a kunne: "Ta wace ce?"