Rasuwar Jar Giwa, Motar Kashe Gobarar Kwalejinmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da har yanzu hayaƙi bai gama fita daga cikinsu ba, ni direban sashen kwana-kwana na wannan kwaleji nake sanar da malamai da ɗalibai da sauran ma'aikata rasuwar abokiyar aikina, motar kashe gobara da kowa ya sani da Jar Giwa. Ta cika ranar Litinin da hantsi, a kan hanyarta ta zuwa ɗakin girkin ɗalibai. Ta yi shekara talatin da ɗaya a duniya, goma sha tara daga ciki a hannuna.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta san kalmar a'a ba. Don kashe wuta aka kawo ta, amma da yake mai zumunci ce, ita ke shayar da furannin gidan shugaban kwaleji kowace safiya, ita ke kai ruwa gidajen manyan malamai in famfo ya ɗauke. Da tsaninta ake ɗaura kyallayen bikin yaye ɗalibai, da shi aka sauko da kyanwar matar magatakarda daga kan rufi har sau uku. Ranar auren ɗan mataimakin shugaba ita ta ja gaban ayari, jiniyarta na "wiiiwuu, wiiiwuu" har amarya ta toshe kunne. Gobara kuwa huɗu muka je tare, a biyu daga ciki ma akwai ruwa a tankinta.

Ba zan manta gaisuwarta ta safe ba. In na murɗa makulli sai ta ce "kirr, kirr, kirr," ta yi shiru tana tunani, sannan ta yi tari ɗaya mai ƙarfi ta tashi.

Jinyarta ta kai shekara bakwai. Lagireto ya fara yoyo, batir ya raunana, birki ya koma sai an lallashe shi. Na rubuta takarda har masinja ya daina tambayata ofishin da zai kai. Kowace takarda ta haifi kwamiti, kowane kwamiti kuma magani ɗaya ya rubuta mata, wato jan fenti. Duk shekara, ana jibi masu duba kayan kashe gobara za su zo, sai a kira mai fenti. Mutumin kirki ne, ba ya ha'inci, bai taɓa barin wuri ko ɗaya ba, har bakin da ake ɗaura mesa. Na ce masa, "Malam, nan fa ruwa ke fita." Ya ce, "Ni dai an ce min ko'ina ya yi ja." Shafi bakwai ya yi wa bakin nan, har ya liƙe kamar an yi masa walda. Ruwan furanni da na malamai ma sai ta murfin tanki ake ɗiba. In an gama sai a tura ta gangaren bakin ƙofar kwaleji, masu duba su zagaya ta, su yi hoto, su sa hannu, a wuce da su cin abinci.

Ranar Litinin man suya ya kama wuta a ɗakin girki, wanda bangonsa ɗaya ne da ginin kwanan ɗalibai mata. Furanni sun riga sun sha rabonsu, tanki saura kwata. Masu gadi da masu shara suka tura mu, ta tashi, ta yi kamar taku ɗari, daidai ɗakin karatu ta ce "tuf, tuf, fuuu," shi ke nan. Jiniyar kaɗai ce ba ta san an yi rasuwa ba, ta ci gaba da kuka. Mutanen da suka ɗauko bokitai suka ji ta, suka ajiye, suka ce a ba 'yan kwana-kwana hanya.

Autata tana shekarar farko a kwalejin nan, ɗakinta yana hawa na uku a wannan gini mai matakala ɗaya. Daga kan sitiyari na hango ta a taga, hayaƙi na wucewa ta gefenta, tana ɗaga min hannu don ta ga babanta ya taho da mota. Ban taɓa jin tsoro da kunya irin na wannan lokaci ba. Uwar kicin, shugabar masu girki, ce ta kashe wutar da jiƙaƙƙun buhuna, ta ƙone daga yatsu har gwiwar hannu, tana asibiti yanzu.

Marigayiya ta bar tsani ɗaya, da mesa biyu, ɗaya tana aro a gidan ma'aji tun bara ana wankin mota da ita. Ta bar ƙanne goma sha biyu, tukwanen kashe wuta, waɗanda wa'adinsu ya ƙare tun ɗaliban yanzu suna firamare, yawancinsu suna aikin tokare ƙofa. Ta bar bokitan yashi shida, an shuka fure a huɗu. Ta kuma bar ni.

Game da jana'iza, bakanike ya duba ta ya tabbatar rai ya yi halinsa. Amma jiya magatakarda ya kira ni ya ce, "Baba direba, wa ya ce ta mutu? Suma ta yi. Masu duba na zuwa Alhamis, ka sa kakinka ka zauna a ciki, in sun tambaya ka ce lafiya lau." Saboda haka za a yi wa gawa wanka ranar Laraba, a yi mata sutura da shafi na takwas, a ɗauke ta zuwa gangaren bakin ƙofa.

Zan sa kaki, zan zauna. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da babban masu duba ya matso zan miƙa masa makulli in roƙe shi ya tayar da ita da hannunsa, ya kuma buɗe bakin mesa. Saura shekara biyu in yi ritaya, na kuma san abin da zai biyo baya.

Masu zuwa ta'aziyya kada su kawo furanni, marigayiya ta shayar da isassu. Kowa ya zo da bokiti cike da ruwa. Za a karɓi gaisuwa a gindin matakalar ginin ɗalibai mata, a nan za ku same ni zaune.